Hannuna Cikin Aljihu

Ƙarfe biyu da rabi ake kaɗa ƙararrawa,
kafin uku ɗakina ya cika da warin safa da man zafi.
Noemi ta zo min a watan Agusta
da digiri ɗaya a hannu, na biyu a kan wuta,
da jaka shirye kamar ta maniyyaciya:
almakashi uku, littafi mai tambarin launi-launi,
sunan kowace jijiya a bakinta kamar hadda.

Na miƙa mata ƙafar wani ɗan aji tara.
Minti goma sha ɗaya tana naɗe idon sawu,
filasta ta zauna tsaf kamar zanen lalle.
Yaron ya miƙe, yatsunsa suka ɗau sanyi.
Na ce, yanke, sake.
Bayansa akwai ƙafa goma sha tara a layi,
motar makaranta kuma ba ta san uzuri ba.

Kakana maɗori ne a Gumel.
Bai taɓa ce min ga yadda ake yi ba.
Yakan ɗora hannuna kan karaya, nasa bisa nawa,
ya yi shiru har ƙashi ya faɗi abin da ke damunsa.
Nan Toledo takarda ake ba ni,
shafi shida, in sa maki daga ɗaya zuwa biyar.
Na duba, babu layin da zan rubuta:
ita ta fara lura
yarinyar nan mai tseren mil ta daina cin abincin rana.

Daren Juma'a, ƙarshen Oktoba.
Fitilun fili, ganguna, iskar kogi tana yankan kunne.
Saura minti huɗu, an fi mu da maki uku.
Lamonte ya faɗi, ya tashi,
ya nufi bencin da ba namu ba,
taku biyu kawai, sannan ya juyo yana dariya.
Filin duka bai gani ba.
Ni na gani. Na saci kallonta: ta gani.

Ta tambaye shi wace rana ce yau.
Ya ce Juma'a. Ta ce wa kuka kara da su makon jiya?
Ya daɗe yana kallon ciyawa.

Koci Wozniak ya iso, wuyansa ja wur,
shekara ashirin da shida yana wannan fili,
ya ce, lafiyarsa lau, ba shi hularsa.
Bai ma dube ta ba, ni ya duba.
Ita ma ni ta duba.

Na cusa hannuwana cikin aljihu,
na tsura wa allon maki ido.
Allah ya sani, maganar tana bakina tana ƙuna,
kuma da ta saki hular, da na cafe.
Amma kan yaron na ƙirga numfashi: ɗaya, biyu, uku.

Ta rungume hular kwanon a ƙirji
kamar tukunyar da aka ba ta ajiya.
Muryarta na rawa ta ce, a'a, ya gama na yau.

An cinye mu.
Na same ta bayan injin ƙanƙara tana share hanci.
Ban ce ta yi daidai ba, ta riga ta sani.
Na ba ta rabin burodina, muka cika takardar likita.
Mako biyu Lamonte bai gaishe ta ba.
A na uku ya hau tebur, ya miƙa mata ƙafa
bai ce uffan ba. Minti biyu ta gama.

Disamba ta tafi wani asibiti a Akron.
Ta manta almakashinta ɗaya, mai baƙin hannu.
Ya fi nawa kaifi. Ban aika mata ba.
Litinin wani zai zo, wai sunansa Tobin.
Ya riga ya turo saƙo
yana tambaya wane littafi zai karanta.